Mutum ɗaya a kayak daga Jebba zuwa Anacha: shiri, haɗari da rubuta tafiyar

Ɗan Agege: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ga magana ga masu sanin ruwa. Mutum ne mazaunin Legas, ya iya iyo, yana so ya bi Kogin Kwara shi kaɗai a kayak, ƙaramin jirgin nan mai filafili baki biyu, daga Jebba ya gangara Lakwaja har Anacha, kuma ya rubuta tafiyar. Wane irin jirgi zai nema, wane wata zai tashi, ina zai riƙa kwana?

Injiniya Apapa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da jirgin. Waɗanda ake ba da haya a Ikoyi da Lekki don shan iska gajeru ne masu faɗi, mita 3 ko ƙasa da haka. Ba sa riƙe hanya, kowane bugu ɗaya hancinsu ya karkata, kafin azahar kafaɗa ta mutu. Na doguwar tafiya yana kai mita 4.5 zuwa 5, faɗinsa santimita 56 zuwa 62, nauyinsa babu kaya kilo 25 zuwa 30 in na roba ne. Abin da za ka fara dubawa shi ne bango biyu na ciki, ɗaya gaban ƙafa ɗaya bayan kujera. Su ne suke raba jirgin ɗaki uku, ta yadda in ya kife tsakiyar kawai ke cika, gaba da baya su riƙe iska. Jirgin da ba shi da su in ya sha ruwa tsaye yake miƙewa, mutum ɗaya ba zai iya kwashe shi a tsakiyar kogi ba. Filafili santimita 220 ya yi wa mai matsakaicin tsawo. A ɗaura na biyu mai rabuwa gida biyu a bayan jirgi.

Ɗan Yawuri: Ranka ya daɗe Injiniya, ban ƙi ta taka ba, amma ina da ja. Me zai hana ya sayi ƙaramin kwale-kwalen katako a bakin kogin? In ya tsage, kowane ƙauye akwai mai toshe shi da auduga da kwalta da ƙusa. Kayak kuwa in ya fashe a ƙasan Baro, garin bakin kogi da ke tsakanin Jebba da Lakwaja, wa zai gyara? Ga shi duk inda ya ratsa sai an taru kallo.

Injiniya Apapa: Gyara kam ka fi ni gaskiya. Sai dai kwale-kwalen da ya jiƙa ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ja shi kan yashi kullum da yamma, bakinsa kuma a buɗe yake, igiyar ruwa biyu ta uku ya cika. Masunta su biyu suke shiga, ɗaya na tuƙi ɗaya na kwarfa. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da mai kwarfa.

Mai Faci Ijora: Maganar gyara ta zo gidana. Robar da ake zuba waɗannan jirage da ita irin ta tankin ruwa da jarka ce, gam ba ya kama ta. Duk wanda ya ce ka shafa aradait ya cuce ka, kwana ɗaya zai ɓare. Narka ta ake yi. Ka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ka kankare bakinta da wuƙa, ka yanko siririn yanki daga jarka, ka ɗumama bayan cokali a wuta kana dannawa har su haɗe. Ka yi ciki ka yi waje. In wuta ta yi yawa robar ta yi baƙi, ta ƙone ke nan, za ta ƙara tsagewa. Na fayiba shi ne yake karɓar resin da ƙyalle, amma yana buƙatar wuri busasshe da awanni kafin ya kama, kuma dutse ya fi yi masa illa. Na hurawa kuwa ku bar shi, ƙugiya ɗaya ta mamari, wato layin ƙugiyoyin masunta, ta ishe shi, iska kuma tana wasa da shi. Abin da ya fi cin jirgin roba ba dutse ba ne, jan sa a kan yashi da kaya a ciki ne. Ƙasan gindinsa ke sirancewa har ya huje. A sauke kaya kafin a ja.

Baba Idi-Araba: Yara, kun yi ta jirgi kun bar ruwan. Kwara ruwa biyu take kawowa a shekara. Akwai farin ruwa na daminar ƙasarmu, mai laka, yana cika wajen Satumba da Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso mana cikin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya. Kada ya kuskura ya shiga lokacin farin ruwa. Kogin yana haurawa cikin gonaki da daji, babu tudun yashi ko ɗaya, itatuwa suna tafe a ƙarƙashi. A Lakwaja kuma Binuwai ke shigowa da nata, in Kamaru ta saki madatsar Lagdo abin ya ninka, kowa ya ga 2012 da 2022. Maris zuwa Mayu ruwa ya janye, zafi ya yi tsanani, ga hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas ba sallama. Abin da ya rage shi ne tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu. Shi ma da nasa: hazo yana rufe gaɓar tsallake, kuma daga Jebba zuwa Baro kogin gabas ya nufa, iskar hunturu za ta riƙa dukansa ta gaba da hagu. Ya tashi da an sallame asuba gari ya ɗan waye, ya ci tafiyarsa kafin iska ta tashi da hantsi.

Ɗan Agege: Baba, Allah ya ƙara girma. Me ya sa ba za a fara daga Yawuri ba, tunda can ma akwai mutanenmu?

Baba Idi-Araba: Madatsu biyu ne a gabansa, Kainji da aka gama a 1968 da ta Jebba a ƙasanta. Dole ya fito da jirgi ya nemi mota, kuma wuraren tsaro ne, ba a matsa musu. Tafkin Kainji faɗi gare shi, in iska ta kaɗa igiyarsa ba ta ƙaramin jirgi ba ce, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin tafkin nan. Sannan halin tsaron dajin Borgu ba ɓoyayye ba ne. Ya fara daga ƙasan gadar Jebba ya huta.

Ɗan Yawuri: Ƙari a kan ta Baba. Wanda ke ƙasan madatsa ruwansa a hannun masu wutar lantarki yake. In suka ƙara sakin ruwa, tudun yashin da ka kwanta a kansa da magariba yana iya nutsewa kafin asuba. Kogin Kaduna da ke shigowa a Muregi, tsallaken Patigi, shi ma yana da Shiroro da Zungeru a samansa. Da ka sauka ka kafa kara a daidai bakin ruwa, bayan awa ɗaya ka duba. Ka ja jirgi sama sosai, ka ɗaure shi da turke ko da kana ganin a busasshiyar ƙasa yake.

Injiniya Apapa: Lissafin kwanaki. Jirgi mai kaya yana yin kilomita 5 a awa a ruwa kwantacce, gudun kogi ya ƙara masa kaɗan. Awa 6 na tuƙi na gaske, kilomita 30 zuwa 40 ke nan a yini. Don ya ga girman abin, aikin yashe kogin da aka ƙaddamar a 2009 daga Baro zuwa Warri kilomita 572 ne, wanda a wannan gudu ya kusa mako uku ba hutu. Ya auna nasa zangon a taswira yana bin lanƙwasar kogin, ya raba da 30, ya ƙara kwana ɗaya na hutu a kowane biyar. Kwana ukun farko kada ya wuce kilomita 20, nan ne jijiyar wuyan hannu ke kumbura. Sababinta damƙe filafili da ƙarfi da tuƙi da damtse. Da ƙugu ake tuƙi: ka juya jiki, ka taka matakin ƙafa na gefen da kake bugu, hannun sama ya kasance a sake.

Hajiya Obalende: To duk wannan a ina zai koya? Ko sai ya je Jebba zai fara?

Injiniya Apapa: A nan gida, Hajiya. Legas ta ishe shi makaranta in ya san abin da take koyarwa. Ruwan lagun yana hawa yana sauka sau biyu a yini, kusan awa shida shida, kuma a matsatsun wurare kamar ƙarƙashin gadar Carter da mashigin Five Cowrie yana gudu sosai. Nan zai koyi tsallaka ruwa mai gudu, hanci a karkace sama, da yadda ruwa ke murɗawa a bayan ginshiƙin gada. Jiragen fasinja na Ikorodu za su koya masa tarbar igiyar da suke bari, da hanci ake tarbarta, ba da gefe ba. Ya nisanci mashigin manyan jirage na Apapa kwata-kwata. Kafin komai, a ruwa iya ƙirji kuma da wani tsaye kusa, ya kifar da jirgin da gangan: ya ja igiyar siket, wato rufin da ke ɗaure a ƙugunsa yana rufe bakin jirgi, ya fito, ya juya jirgin, ya hau ta baya yana jan ciki, ya kwashe ruwa da famfon hannu. Ya maimaita da kaya cike, don jirgi mai kaya wani abu ne daban. Wanda bai iya komawa cikin jirginsa shi kaɗai ba bai isa tafiya shi kaɗai ba. Sannan ya yi gwajin kwana biyu ko uku ta wajen Epe ko Badagry.

Mai Faci Ijora: Ya kula da kainuwar nan da ke rufe lagun a ƙarshen damina, wajen Ikorodu abin ya fi muni. In ka shiga tsakiyarta iska ta rufe bayanka, ba gaba ba baya, kuma ba a iyo a cikinta. Sai gishiri ya shigo da rani take mutuwa. Kogin Ogun ma ana gwaji a kansa, amma ba lokacin da ake sakin madatsar Oyan ba, mutanen Kara da Isheri sun san wannan.

Nas Mile 12: Bari in sa baki ta fannin lafiya. Ruwan sha lita 4 zuwa 6 a yini, sanyin hunturu yana ruɗin mutum ya ƙi sha. Fitsari in ya yi ja ko ya ragu, an makara. Ya ɗauki jarka biyu masu lita 5, ya cika a famfon burtsatse duk garin da ya samu. In dole sai na kogi, ya sa ɗan alimun ya kwanta, ya tace da ƙyalle, ya tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ƙwayar kulorin ba ta aiki sosai a ruwa mai laka, sai an tace tukuna. Gudawa in ta zo: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da mutane ke rainawa shi ne tsargiya. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga, daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa kwantacce mai ciyayi, daidai inda ake son sauka. Ya zaɓi bakin yashi mai gudun ruwa, ya goge ƙafa da tawul da ya fito, ruwan wanka kuma ya tafasa shi ya bari ya huce. Maganinta praziquantel ne, amma ba ya kashe tsutsar tana ƙarama, shi ya sa shan sa a hanya ba rigakafi ba ne. Bayan mako 6 zuwa 8 da dawowa ya je a gwada fitsari da bahaya, ko bai ga jini ba. Zazzaɓin sauro kuma ya tafi da abin gwaji na yatsa da cikakken magani na kwana uku, ya kwana cikin gidan sauro ko tanti mai raga. Ƙaramin yanka a ƙafa da ke jiƙe kullum gyambo yake zama, a wanke a shafa aidin a bar shi ya sha iska da dare.

Ɗan Yawuri: Rigar ruwa a jiki take zama, a ɗaure, da usur da wuƙa a aljihunta. Wadda ke ƙarƙashin kujera ba ta ceci kowa ba. Wuƙar saboda mamari da kalli ne. In ka ga jerin gora ko robobi suna yawo, raga ce ko layin ƙugiyoyi, ka zagaya ta ƙarshensa. In filafili ya sarƙe ka warware a hankali, yanka kayan masunci sai in rai ne, kuma ka neme shi ka biya. Itacen da ya faɗi cikin ruwa ya fi kada haɗari, ruwa na wucewa ta cikin rassansa, jirgi ba ya wucewa. A kan samu irinsa a bayan lanƙwasa inda ruwa ke cin gaɓa. Dorina kuwa ka tambayi masunta kowace safiya, sun san inda take. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, ka riƙa buga gefen jirgi don ta ji ka tun daga nesa, kuma in ka ga faffaɗar hanya ta sauko daga ciyawa zuwa ruwa, ba nan ake kafa tanti ba. Tafiyar dare babu ita. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta hana, kuma jirgin da ya kife da 'yan biki a Patigi a Yunin 2023, mutum fiye da 100 suka rasu, cikin dare ne.

Baba Idi-Araba: Maganar kwana da yaron ya tambaya, a nan nake saɓa wa masu son tudun yashi. Baƙon da aka gani da magariba ya kafa tanti a tsibiri bai gai da kowa ba, a wannan zamani sunansa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Ƙarfe huɗu ya daina tuƙi. Ya sauka a mashaya tun da sauran rana, ya yi sallama, ya nemi a kai shi wurin mai gari ko sarkin ruwa, da ɗan goro ko sukari a hannu. Ya faɗi inda ya fito da inda za shi, ya roƙi a kira masa wani a gari na gaba. Haka zai riƙa tafiya hannu zuwa hannu. Daga Jebba zuwa Baro ƙasar Nufawa ce, sai Kakanda da Igbira, ƙasan Lakwaja Igala har Idah, daga nan Inyamurai, amma Hausa za ta kai shi nesa saboda tungayen masuntanmu. Ya tafi da katin ɗan ƙasa da takarda mai bayyana tafiyar, kofi da yawa cikin leda, ya kai wa ofishin NIWA, hedkwatarsu ma a Lakwaja take, da 'yan sandan ruwa. Kada ya ɗauki hoton gada ko wurin sojoji, jirgin sama maras matuƙi kuma ya bar shi a Agege.

Injiniya Apapa: Baba, a gafarce ni, kwana cikin gari kullum yana cinye mutum. Hira har sha ɗaya, yara a kan jirgi, ga asubanci. Ina ganin ya gaisa da gari, ya nemi izini, sannan ya kwana a yashin da ke kallon garin.

Baba Idi-Araba: In mai gari ya yarda, ba laifi. In ya ce ka shigo ciki, ya san abin da ya sa ya faɗa.

Malam na Alaba Rago: Tunatarwa kaɗan. Tafiyar ta wuce mil 48, don haka zai yi ƙasaru, sai inda ya yi niyyar zaman kwana huɗu. Tunda gaɓa na kusa, ya sauka ya yi sallarsa a ƙasa da tsayuwa, hutu ne ma ga bayansa.

Hajiya Obalende: Yanzu rubutun, wanda shi ne rabin tambayar kuma kun bar min. Littafi biyu zai riƙe. Na farko ƙarami, a aljihun rigar ruwa cikin leda mai zif, da fensir. Biro yana zuba in ya jiƙe, fensir ba ruwansa. A ciki lokaci, wuri, kalar ruwa, iska, wa aka gani, nawa ake sayar da kifi, layi ɗaya ɗaya duk sanda ya tsaya. Na biyu na dare, minti 30 kafin barci komai gajiya. Maganar mutane ita ce ke fara gudu daga kai, ya rubuta ta a daren yadda aka faɗe ta, kada ya gyara mata Hausa. Sunan kowane ƙauye ya tambayi mutum biyu, don na taswira sau da yawa ba shi masu wurin ke kira ba. Ya ɗauki hoton shafukan kowane dare, in ya samu sabis ya tura wa wani.

Kuma ɗana, abin da ke kashe irin wannan rubutu shi ne ya zama na tashi, na tuƙa, na gaji, na kwana, sau ashirin. Mai karatu a Agege bai damu da kantar hannunka ba. Yana so ya san yadda ake haƙar yashi da bokiti a tsakiyar kogi, wa ke da ikon wane ruwa, me ambaliyar 2022 ta bari a bangon makaranta, me ya sa tashar jirgin Baro take yadda take. Kwana uku da ba abin da ya faru a haɗe su a sakin layi ɗaya, yini ɗaya mai nauyi a ba shi shafi goma.

Injiniya Apapa: Hajiya, kada ki sa ya zubar da lambobin. Wanda zai bi bayansa kilomita yake nema, da inda ake samun ruwan sha da inda sabis ke ɗaukewa.

Hajiya Obalende: Ban ce ya zubar ba, ya kai su ƙarshen littafi a jadawali. Wani abu kuma: kada ya sa inda yake a Facebook yana wurin. Ya bari sai ya yi gaba da kwana uku ko huɗu. Mutum ɗaya ko biyu a gida kawai za su san zangonsa na gaskiya, da lokacin da zai kira kullum, da wanda za su nema in awa 24 ta wuce shiru. Wanda ya ba shi masauki ya tambaye shi kafin ya sa sunansa ko hotonsa, wanda kuma ya yi masa ƙorafin wani mai iko ya sauya masa suna da ƙauye. Shi zai dawo Legas, su suna nan.

Nas Mile 12: Abinci fa? Gram 700 zuwa 800 na busasshe a yini: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, kilishi, madarar gari, taliya. Na kwana biyar ya isa, akwai kasuwa a Patigi da Lakwaja da Idah, kifi kuma ko'ina.

Mai Faci Ijora: Shiryawa: ruwa da abinci, masu nauyi, a ƙasa kuma kusa da kujera. Tanti da tufafi can hanci da gindi. In gaba ya fi nauyi jirgin zai riƙa noƙewa yana karkata, in ka tara kaya a sama iska ta samu abin kamawa. Murfin ɗakunan duk yana ɗan yoyo, komai ya shiga leda biyu. Waya da taswirar da aka sauke tun a gida, fawabank biyu masu mAh 20,000, da faifan sola mai wat 20 a ɗaure a baya, amma hazo yana rage masa ƙarfi ƙwarai, a yi caji a gari duk inda aka samu.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: jirgi mai mita 5 yaya zai kai Jebba daga nan?

Baba Idi-Araba: Motocin da suka sauke shanu a Kara ko kayan gwari a Mile 12 da yawa suna komawa Arewa ta Ilori da Jebba da Mokwa. Ya je wurin shugabannin tasha, ba direba kai tsaye ba, a rubuta lambar mota, ya bi jirginsa a motar.

Mai Faci Ijora: A kife shi ko a kwantar da shi a gefensa kan tsofaffin tayoyi biyu, ɗaya daidai kowane bangon ciki, nan ne ya fi ƙarfi. A ɗaure da igiya mai faɗi, kada a matse da abin ɗaurin tirela, robar da ta sha rana lotsawa take. A rufe da tamfol, a cire murafen ɗakunan a riƙe a jaka, don in ɗaya ya faɗi a hanyar Ogbomosho ba za a samu irinsa a Jebba ba. Daga Anacha kuma sai ya shirya motar dawowa tun yana Idah.